Nazarin Lamari: Matar da Awon Jininta Ya Riƙa Sauka Bayan Tiyatar Cire Mahaifa

Binciken VISION, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2019, ya bi diddigin mutum 40,004 masu shekara 45 zuwa sama da aka yi wa tiyatar da ba ta zuciya ba a ƙasashe 14. Cikinsu 715 sun rasu kafin cikar kwana 30, amma biyar kacal ne suka rasu a ɗakin tiyata. Sauran duk sai bayan an fito da su, wasu a gadon jinya, wasu bayan sallama. Abubuwa uku ne suka fi alaƙa da mace-macen: zubar jini mai yawa, raunin tsokar zuciya, da shigar ƙwayoyin cuta cikin jini. Kowanne cikinsu na iya fara bayyana kansa da saukar awon jini, wato matsin da jini ke yi a cikin hanyoyinsa. Lamarin da ke tafe an tsara shi ne don karantarwa, babu sunan majinyaciya ko na asibiti, kuma ya shafi na farkon cikin ukun.

Majinyaciyar da tiyatar

Mace ce mai shekara 48, nauyinta kilo 70. Ta daɗe tana fama da ƙari, wato tsiro, a mahaifa wanda ke sa ta zubar jini sosai lokacin al'ada, har aka yanke shawarar cire mahaifar ta hanyar buɗe ciki. Tana da hawan jini, tana shan magani iri biyu, atenolol da lisinopril, kuma duk da haka awonta na yau da kullum ba ya sauka ƙasa da 150/90. Himoglobin ɗinta, wato sinadarin jini mai ɗaukar oksijin, kafin aiki 11.6 ne. Da safiyar ranar tiyata ta sha magungunan biyu kamar yadda ta saba. Shan atenolol ɗin daidai ne, domin dakatar da irinsa kwatsam na da haɗari ga zuciya. Lisinopril kuwa likitoci da yawa kan ce a tsallake shi awa 24 kafin aiki, saboda yana ƙara saukar da jini idan ya haɗu da allurar tiyata.

An yi mata allurar baya wadda ke kashe jiki daga ciki zuwa ƙafafu da ƙarfe 11:00 na safe. An gama aiki ƙarfe 1:00 na rana, jinin da ta zubar a ɗakin tiyata kimanin mililita 400, babu wata matsala da aka rubuta. An bar mata robar fitsari da wata siririyar roba a gefen ciki mai janye ruwan da ya taru.

Ƙarfe 2:00 awonta 118/72, bugun zuciya 68 a minti. Ga mai 150/90 wannan saukowa ce, amma tana da dalili bayyananne. Allurar baya ba jijiyoyin jin zafi kaɗai take kashewa ba, har da waɗanda ke riƙe hanyoyin jini a matse, sai hanyoyin su saki, jini ya kwanta a ƙafafu da ciki. Ga kuma lisinopril a jiki. Hannunta da ɗumi, tana magana lafiya lau, fitsari na sauka. Wanda ya ce allura ce ta jawo a wannan lokacin ya faɗi gaskiya, kuma ban ga abin zargi a mayar da ita ɗakin jinya ba.

Daga la'asar zuwa dare

Ƙarfe 4:00 awon ya koma 110/70, bugu 76. Ƙarfe 6:00 ya zama 104/68, bugu 84. A lokacin ta riga ta fara motsa ƙafafunta, tana jin zafin ɗinki. A nan ne ya kamata tunani ya sauya. Allurar baya irin ta bupivacaine takan sake mutum cikin awa biyu zuwa huɗu, kuma idan ta sake shi hanyoyin jini sukan koma su matse. Ciwo ma kansa tayar da awon jini yake yi. Ke nan mai hawan jini da allura ta sake ta, ga zafin ɗinki, awonta hawa ya kamata ya riƙa yi. Nata sauka yake yi. Bayanin da ya dace da ƙarfe 2:00 ya riga ya ƙare aiki, amma aka ci gaba da riƙe shi, domin an riga an rubuta shi a fayil kuma yana kwantar da hankali.

An ɗebi jininta a ƙarfe 6:00, himoglobin ya fito 10.7. Wannan ya ƙara wa kowa natsuwa, alhali bai kamata ba. Awon himoglobin kaurin jini yake nunawa, ba yawansa ba. Wanda ke zubar da jini yanzu-yanzu, jinin da ya rage a jikinsa kaurinsa ɗaya da wanda ya fita, sai bayan awanni, idan ruwan jiki ko ruwan leda ya tsinka shi, lambar take faɗuwa. Haka robar gefen ciki, wadda ba ta tara fiye da mililita 50 ba. Gudan jini ɗaya ya isa ya toshe ta, kuma cikin mutum na iya ɗaukar fiye da lita guda na jini kafin a ga ya kumbura. Bandejin kan ɗinki kuwa a bushe yake, domin zubar a can ciki take.

Ƙarfe 8:00 aka yi canjin aiki. Awo 98/66, bugu 92, numfashi 22 a minti. 'Yarta da ke jinyarta ta tari ma'aikaciyar jinya ta ce, “Sista, Mama fa ba haka take ɗazu ba. Hannunta ya yi sanyi ƙalau, sai ruwa take nema, kuma ta ce kafaɗarta na ciwo.” Ma'aikaciyar ta kira likitan da ke kan aiki ta waya. Abin da ya isa kunnensa shi ne awo ya ɗan yi ƙasa bayan allurar baya. Ya ce a ƙara mata ruwa mililita 500, a yi mata allurar rage zafi. Awon ya hau zuwa 108/68, aka rubuta cewa ta samu sauƙi. Cikin minti 40 ya sake gangarowa.

Abin da takardar awo ke faɗa a ƙarfe 8:00

Wannan sa'ar ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin duk abin da ake buƙata don gane matsalar yana nan a rubuce ko a bakin 'yarta.

Da farko bugun zuciya. Idan jini ya ragu, zuciya kan ƙara gudu don ta cike giɓin, kuma ma'aikata sun saba jiran su ga bugu ya haura 100 ko 120 kafin su tsorata. Amma aikin atenolol shi ne ya riƙe zuciya kada ta yi gudu. Tashi daga 68 zuwa 92 a jikin mai shan wannan magani ba ƙaramin abu ba ne. Akwai lissafi mai sauƙi da ke fito da hakan: a raba bugun zuciya da lambar awo ta sama. A lafiyayyen mutum sakamakon kan tsaya tsakanin 0.5 da 0.7. Nata ya fara daga 0.58 a ƙarfe 2:00, ya kai 0.81 a ƙarfe 6:00, ya zama 0.94 a ƙarfe 8:00. Ko ba a san komai game da ita ba, jera waɗannan lambobi uku ya isa a ce wani abu na tafiya ba daidai ba.

Sai tazarar da ke tsakanin lambar sama da ta ƙasa, wadda ta tsuke daga 46 zuwa 32. Lambar sama na faɗuwa saboda abin da zuciya ke turawa a kowane bugu ya ragu, ta ƙasa kuma ta ƙi faɗuwa sosai saboda jiki ya matse hanyoyin jini da ƙarfi. Wannan matsewar ce ta sa hannunta sanyi: jiki ya janye jini daga fata, hanji da ƙoda, ya tura wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Da allurar baya ce ke aiki har yanzu, da ƙafafunta da ɗumi za su kasance. Taɓa hannun majinyaci da danna farcensa a ga ko jan ya dawo cikin daƙiƙa biyu, gwaji ne da ba ya buƙatar na'ura, kuma a ganina ya fi a yi ta maimaita awo ba tare da an taɓa mutum ba.

Ƙishirwa da rashin natsuwa alamun ƙarancin jinin da ke zagayawa ne, kuma sau da yawa akan ɗauke su a matsayin zafin ciwo. Ciwon kafaɗa bayan aikin ciki ma ba abin wucewa ba ne. Jinin da ya taru a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki yana sosa jijiyar da ta haɗa wurin da kafaɗa, sai mutum ya ji ciwon a can.

Ga kuma yadda ta amsa ƙarin ruwa. Hawan awon ya nuna jikinta na buƙatar ruwa. Saurin saukarsa kuma ya nuna akwai inda yake yoyo. Wanda ya rasa ruwa saboda hana shi ci da sha kafin tiyata, idan aka ba shi leda guda yakan miƙe ya tsaya. Wanda ya hau ya sake faɗuwa, a ɗauka jini yake zubarwa har sai an tabbatar ba haka ba ne.

Akwai tsarin ba da maki da Kwalejin Likitoci ta Landan ta fitar a 2012, ta sabunta shi a 2017 da sunan NEWS2, don irin wannan yanayi. A cikinsa lambar sama tsakanin 91 da 100 maki biyu ce, bugu tsakanin 91 da 110 maki ɗaya, numfashi tsakanin 21 da 24 maki biyu. Jimillar nata a ƙarfe 8:00 biyar ke nan, kuma biyar ita ce iyakar da tsarin ya ce lallai likita ya zo ya duba cikin gaggawa. Ba a tara makin ba. Kowace lamba ita kaɗai ba ta da ban tsoro, shi ya sa ta wuce.

Wani zai ce ai 98/66 ba wani abu ba ne, mutane da yawa haka awonsu yake kuma suna harkokinsu. Gaskiya ne, amma ba ga wannan matar ba. Ana lissafa matsakaicin awo ta hanyar ɗaukar lambar ƙasa a ƙara mata kashi ɗaya bisa uku na tazarar. Nata na yau da kullum 110 ne, a ƙarfe 8:00 kuma ya dawo kusan 77, wato ya faɗi da kashi 30 cikin 100. Iyakar 65 da ake yawan ambata, wadda ƙasa da ita ake ganin ƙaruwar raunin ƙoda da zuciya, ba alƙawari ba ce cewa duk wanda ke sama da ita ya tsira. Ƙodar da ta shekara da shekaru tana aiki da matsi mai yawa tana iya fara jin jiki tun kafin a kai can.

Faɗuwa da ceto

Ƙarfe 10:00 awo 92/62, bugu 98. Fitsarin da ya taru cikin awa huɗu mililita 60 ne, alhali mafi ƙarancin abin da ake sa rai shi ne rabin mililita ga kowane kilo a awa, wato 140 a wajenta. Ƙarfe 11:30 ta yi yunƙurin tashi zaune, sai ta sulale, gumi ya keto mata, maganarta ta fara rikicewa. Awo 78/50, bugu 108.

Babba na da jini kusan mililita 70 ga kowane kilo, nata ya kusa lita 5. Jiki na iya ɓoye asarar har kusan kashi 30 cikin 100 kafin awo ya faɗi warwas, shi ya sa faɗuwar awo a zubar jini alama ce ta makara. A lokacin da ta kai 78/50, abin da ya zuba ya riga ya haura lita ɗaya da rabi.

Wannan karon kiran ya bambanta. Ma'aikaciyar jinya ta faɗi aikin da aka yi, awon da matar ta saba da shi, jerin lambobin tun ƙarfe 2:00, sannan ta rufe da cewa, “Likita, ina ganin jini take zubarwa a ciki, ina so ka zo yanzu.” Ya zo, ya gani, ya kira babban likitan tiyata da likitan sa barci a lokaci guda.

Kafin su iso ya bi sauran dalilan da sauri, domin ba kowace saukar jini bayan tiyata ce zubar jini ba. Abin kamar ruwan famfo ne: ko tanki ya yi ƙasa, ko injin turawa ya gaza, ko bututu ya buɗe da yawa, ko wani abu ya toshe hanya. Hoton bugun zuciya bai nuna ciwon zuciya ko rikicewar bugu ba. Babu zazzaɓi, kuma awa goma bayan aiki mai tsabta ya yi wuri ƙwayoyin cuta su kai ta ga haka. Babu ƙuraje, kumburin fuska ko shaƙewar numfashi da za su nuna jiki ya ƙi wani magani. Iska na shiga huhu biyu daidai, oksijin ɗinta bai faɗi ba, jijiyoyin wuyanta a kwance suke, abin da ya rage zargin gudan jini a huhu. Ba ta taɓa shan magungunan sitiroyid na dogon lokaci ba, waɗanda katse su kan sa awo ya faɗi bayan tiyata. Ya ɗora na'urar hoton ciki a gefen dama, sai ga ruwa kwance tsakanin hanta da ƙoda.

An sa mata oksijin, an ɗaga ƙafafunta, an kafa manyan allurai biyu a hannu, an lulluɓe ta don kada jikinta ya yi sanyi. Ɗumi a nan magani ne, domin jinin da ya yi sanyi ba ya daskarewa yadda ya kamata. Himoglobin ya dawo 6.8, sinadarin laktet kuma 4.2, alhali bai kamata ya wuce 2 ba, shaida ce cewa gaɓoɓi na aiki babu isasshen oksijin. An ba ta tranexamic acid giram ɗaya ta jijiya, maganin da ke hana gudan jini narkewa, wanda binciken CRASH-2 na 2010 da na WOMAN na 2017 suka nuna yana rage mutuwa daga zubar jini idan aka ba da shi da wuri. An fara ƙarin jini nan take. An guji ɗura mata ledojin ruwa barkatai, saboda ruwa ba ya ɗaukar oksijin kuma yana tsinka sinadaran daskarewa. Likitan sa barci ya yi amfani da ɗan maganin matse hanyoyin jini don ya riƙe ta zuwa ɗakin tiyata, bai kuma nemi ya mayar da awon 150 ba tun ba a ɗaure inda ke zuba ba. Irin waɗannan magunguna na gyara lambar da ke kan na'ura, kuma haɗarinsu ke nan idan aka dogara da su: sai a ga awo ya yi kyau alhali jinin na ci gaba da fita.

Ƙarfe 12:40 na dare aka sake buɗe cikin. An kwashe jini da gudaji kimanin lita 1.8. Zaren da aka ɗaure jijiyoyin jini na ƙwan mahaifa na hagu da shi ne ya zame. Wannan na iya faruwa ko a hannun ƙwararre, kuma akwai dalilin da ya sa ba a gan shi lokacin rufe ciki ba: a lokacin awonta na ƙasa saboda allura, bakin jijiyar da aka yanke ma a tsuke yake, sai da matsi ya fara dawowa zubar ta kankama. An sake ɗaurewa, an ƙara mata jini leda uku da ruwan jini mai sinadaran daskarewa, tare da kalsiyam.

Abin da ya biyo baya

Ta kwana biyu a sashen kulawa ta musamman. A rana ta biyu awon kiriyatinin, wanda ke nuna aikin ƙoda, ya ninka na kafin tiyata. Wannan shi ne kuɗin da ta biya na awannin da ƙodarta ta yi cikin ƙarancin jini. An dakatar da lisinopril, an hana ta magungunan zafi irin su diclofenac da ibuprofen masu ƙara wa ƙoda nauyi, ana auna fitsari kowace awa. An kuma gwada taroponin, sinadarin da ke hawa a jini idan tsokar zuciya ta ji rauni, aka tarar ya ɗan hau, ko da yake ba ta taɓa kukan ciwon ƙirji ba. Haka raunin zuciya bayan tiyata yakan zo a mafi yawan lokuta, shiru, saboda magungunan rage zafi sun rufe alamar. Likitan zuciya ya duba ta, ya mayar da ita kan atenolol da zarar awonta ya tsaya.

A rana ta huɗu da aka miƙar da ita tsaye, jiri ya kwashe ta, lambar sama ta faɗi da 25. Bayan abin da ya faru, dole hankali ya tashi, kuma an yi daidai da aka sake duba ta daga farko. Amma wannan wata saukar ce daban: a kwance awonta lafiya, hannu da ɗumi, fitsari isasshe, himoglobin bai motsa daga 9.1 ba. Saukar jini ce ta tashi tsaye, wadda ake ƙirga ta idan lambar sama ta ragu da 20 ko ta ƙasa da 10 cikin minti uku da miƙewa, kuma ta zama ruwan dare bayan doguwar kwanciya. Maganinta shan ruwa, zama a bakin gado kafin miƙewa, da tafiya kaɗan-kaɗan da mai riƙewa.

Da aka zauna bitar lamarin, ba a tsaya kan zaren da ya zame ba, kuma ina ganin haka ya dace. Ba kuma a ɗora wa mutum ɗaya laifi ba, domin ma'aikaciyar jinya ta auna duk abin da aka ce ta auna, ta kuma kira likita a kan lokaci. Giɓin yana cikin awa uku da rabi tsakanin ƙarfe 8:00 da 11:30, kuma tsarin aiki ne ya buɗe shi. An sauya abubuwa kaɗan: a rubuta awon da majinyaci ya saba da shi a saman takardar awo, a riƙa zana lambobin a layi don a ga inda suka dosa, a ƙirga numfashi da fitsari a tara maki, kuma duk wanda aka ƙara wa ruwa saboda saukar jini a sake auna shi cikin minti 15 zuwa 30, idan ya sake faɗuwa likita ya zo da ƙafarsa. An ƙara da cewa idan mai jinya ya ce majinyaci ya sauya, a rubuta maganarsa a fayil a isar wa likita yadda ya faɗe ta. Wannan na ƙarshen ya fi kwanta mini, domin 'yar matar ta kawo alamomi uku sahihai a jimla ɗaya, kuma babu ko ɗaya da ya isa ga likitan a kiran farko.

An sallame ta a rana ta tara, kiriyatinin ya kusa komawa yadda yake. An ba ta maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, an ce kada ta koma kan lisinopril sai an sake gwada ƙodarta, an kuma gaya mata da 'yarta su dawo ba tare da jira ba idan ta suma, ko ta ga zubar jini, kumburin ciki, zazzaɓi, ciwon ƙirji, haki ko raguwar fitsari. Bayan mako biyu awonta ya hau zuwa 148/92, gwajin ƙoda ya fito daidai, himoglobin 10.4. An mayar da ita kan rabin adadin lisinopril da take sha a da, tare da umarnin a sake gwada ƙoda da sinadarin potasiyam bayan mako ɗaya zuwa biyu kafin a ƙara.